Maganin Da Ke Cikin Kwano: Tarihin Cutar PKU

A farkon shekarar 1934 wata mata mai suna Borgny Egeland ta kai 'ya'yanta biyu wurin Dokta Asbjørn Følling a Oslo, babban birnin ƙasar Norway. Macen tana da shekara shida, namijin huɗu. Dukansu an haife su lafiya ƙalau, dukansu kuma girman hankalinsu ya tsaya tun ba a je ko'ina ba. Macen tana tafiya, amma maganarta ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Namijin kuwa ba ya tafiya, ba ya magana, ba ya iya cin abinci da kansa. Uwar ta riga ta zaga likitoci, har wurin masu maganin gargajiya ta je, kowa ya duba sai ya ba ta haƙuri. Abin da ya hana ta haƙura shi ne wani wari da ke tashi daga jikin yaran da gashinsu da fitsarinsu, wari mai nauyi irin na rumfar da ɓeraye suka daɗe a ciki, wanda wanka ba ya kore shi. Mijinta likitan haƙori ne mai fama da asma, kuma warin kan tayar masa da ciwon. Ita dai ta tsaya a kan cewa wannan wari da halin da 'ya'yanta ke ciki ba za su rasa alaƙa ba.

Følling ba likitan yara ba ne. Sai da ya karanta ilimin haɗa sinadarai ya gama, sannan ya shiga karatun likita, abin da ba kasafai ake samu ba a zamanin. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa bai sa ran gano komai ba, ya karɓi yaran ne don kada ya watsa wa uwar ƙasa a ido. Ya auna fitsarin, babu suga, babu furotin. Sai ya ɗiga wani ruwan sinadari da ake kira ferik kuloraid, wanda ake amfani da shi a lokacin wajen duba masu ciwon suga. Abin da aka sani shi ne ko dai fitsarin ya koma ja mai duhu, ko kuma launinsa ya ƙi motsi. Na waɗannan yara sai ya rikiɗe ya zama kore mai duhu, bayan 'yan mintoci launin ya gushe. Bai taɓa ganin haka ba, bai kuma taɓa karanta shi a littafi ba. Ya yi zaton wani magani ne ake ba su, ya ce a dakatar da komai na mako guda. Aka dawo, fitsarin ya sake yin kore.

Kafin ya iya ware sinadarin da ke jawo wannan launi, sai ya samu fitsari mai yawa. Uwar ta riƙa tarawa tana kawo masa bayan kowane kwana biyu, har abin ya kai kusan lita 20 cikin kimanin wata biyu. Duk wanda ya taɓa renon yaron da ba ya iya riƙe fitsarinsa, ba ya kuma iya cewa yana ji, ya san abin da wannan lita 20 take nufi. Littattafan likitanci sukan ambace ta a layi ɗaya su wuce, ni kuwa a ganina rabin aikin ke nan.

Sinadarin da Følling ya ware sunansa fenilfairubik asid. Da ya dubi ƙirarsa sai ya ga daga wuri ɗaya kawai zai iya fitowa, wato daga fenilalanin, ɗaya daga cikin ƙananan sinadarai guda ashirin da ake kira amino asid, waɗanda da su aka gina kowane irin furotin da muke ci. Daga nan ya bi gidajen da ake ajiye masu naƙasar ƙwaƙwalwa a kewayen Oslo, ya auna mutum 430, ya samu takwas masu koren fitsari. Da yawansu 'yan gida ɗaya ne, masu fari fiye da danginsu, masu ƙurajen fata. Kafin shekarar ta ƙare ya buga sakamakonsa da Jamusanci a kan mutum goma. Tun 1908 wani likitan Ingila, Archibald Garrod, ya yi bayanin cewa akwai cututtukan da ake haihuwar mutum da su saboda wani mataki guda na sarrafa abinci a jikinsa ya toshe, ya kuma lura sun fi fitowa inda 'yan uwa suka auri juna. Amma ba a taɓa danganta irin wannan toshewa da naƙasar ƙwaƙwalwa ba sai a hannun Følling.

Yadda cutar ke bin jini ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san sikila. Uba lafiyayye, uwa lafiyayya, kowanne ɗauke da ƙwayar gado ɗaya mai lahani bai sani ba, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya haɗa biyun. Lissafin AS da AS ne sak.

Sai dai a duba zamanin da aka yi wannan bincike. A 1933 Jamus ta kafa dokar yi wa masu naƙasar ƙwaƙwalwa aikin hana haihuwa ko da ba su yarda ba, Norway ma ta kafa tata dokar a 1934, jihohin Amurka da dama kuma sun riga su. Idan aka ce ciwo na gado ne, abin da masu mulki da manyan likitoci ke ji shi ne babu magani, sai dai a datse zuri'ar. Lionel Penrose, likitan Ingila da ke aiki a gidan masu naƙasa na Colchester, wanda shi da Juda Quastel suka raɗa wa cutar sunan da ake kiran ta da shi yau, fenilketonuriya ko PKU a taƙaice, ya ƙi wannan tunani. A laccar da ya gabatar a Landan a 1946 ya lissafa cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari na mutanen Birtaniya yana ɗauke da ƙwayar, lafiyarsa ƙalau, kuma daga irin waɗannan ne ake haifar masu cutar, ba daga marasa lafiyar ba, waɗanda da wuya su haihu. To wa za a hana haihuwa? A waɗannan shekaru ne kuma marubuciyar Amurka Pearl Buck, wadda ta ci kyautar Nobel a 1938, ta yi abin da iyaye masu suna ba sa yi: a 1950 ta buga littafi a kan 'yarta Carol, da aka haifa a 1920, wadda hankalinta bai girma ba. Sai bayan shekaru aka tabbatar PKU ce ke damun ta.

Tunanin magance cutar da abinci ya zo wa mutane da wuri, aikata shi ne ya gagara. A jikin mai lafiya hanta tana da wani enzayim da ke mayar da rarar fenilalanin zuwa wani amino asid mai suna tairosin. George Jervis a New York ya nuna a 1953 cewa wannan enzayim ne ba ya aiki a hantar masu PKU. Don haka fenilalanin yakan taru a jini har ya ninka na mai lafiya sau ashirin ko fiye. A mashigar ƙwaƙwalwa kuwa ƙofa ɗaya yake bi tare da wasu amino asid, idan ya yi yawa sai ya cushe ƙofar ya hana su shiga, ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar ginuwa ta rasa kayan aiki. Daga nan farfaɗiya da naƙasa suke biyowa. Hasken fata da na gashi ma daga nan ne, domin da tairosin jiki ke yin launin fata.

Wani zai ce ai sai a daina ba yaron fenilalanin. Matsalar ita ce babu furotin na halitta da ba ya ɗauke da shi, nama ne ko wake, madara ce ko hatsi, kuma jiki ba ya iya ƙera shi, yaro kuwa ba ya girma sai da shi. Kamar gishiri ne a miya, in babu ba ta ciwuwa, in ya zarce ta ɓaci, sai dai a nan tazarar da ke tsakanin biyun ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Penrose ya gwada tun a shekarun 1930, ya sa wani mara lafiya a kan 'ya'yan itace da suga da man zaitun. Da jikin ya rasa furotin sai ya koma cin naman kansa, fenilalanin ɗin da ke cikin tsoka ya kwararo jini, aka koma gidan jiya. Abin da ake bukata shi ne furotin cikakke wanda aka zare wa abu ɗaya tak, a zamanin da amino asid tsantsa ya fi ƙarfin aljihun kowane asibiti.

Wanda ya ga mafita wani matashin masanin sinadarai ne a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, Louis Woolf. Kafin ya zo asibitin ya yi aiki a kamfanin magunguna inda ake dafa furotin na madara a farfasa shi zuwa amino asid, ya kuma san cewa idan aka tace ruwan ta cikin gawayin da aka sarrafa don a cire masa launi, gawayin yakan kama fenilalanin ya riƙe. Abin da kamfani ke ɗauka a matsayin asara, shi ya gan shi a matsayin magani. Ya rubuta shawarar a 1951, amma manyan likitocin asibitinsa ba su ba shi yaro ko ɗaya ya gwada ba. A wurinsu ciwon gado ne, magana ta ƙare.

A wannan shekara ta 1951 aka kawo wata yarinya mai suna Sheila Jones asibitin yara na Birmingham, tana da wata 17. Ba ta zama, ba ta tsayawa, ba ta kula kowa, sai kuka da buga kai. Akwai wani likita Bajamushe a asibitin, Horst Bickel, wanda ya zo daga Zurich da sabuwar dabarar rarrabe amino asid a kan takarda, yana aiki a ɗakin gwajin Evelyn Hickmans, dattijuwar da ta kafa ɗakin tun a shekarun 1920, tare da likitan yara John Gerrard. Suka gano PKU ce, suka gaya wa uwar, Mary Jones, 'yar asalin Ireland, cewa an san sunan ciwon amma babu magani. Ba ta karɓa ba. Bickel ya ba da labarin yadda kowace safiya yakan tarar da ita a bakin ƙofar ɗakin gwajin tana jiran sa, tambayarta ɗaya: tun da kun san abin da ke cikin abincin ne ke cutar da ita, me ya hana ku cire shi? Naci ya yi naci har suka nemi shawarar Woolf, shi kuwa ya ba su dabararsa ba tare da rowa ba.

Aikin ƙazami ne mai cin rai. A dafa furotin na madara cikin asid, a bi da shi ta doguwar kwalba cike da gawayi, a auna a tabbatar fenilalanin ya fita, a mayar da tairosin da triftofan da suka salwanta a hanya, sannan a sake wani, domin yarinya kullum sai ta ci. Rigar aikin Bickel takan koma baƙa ƙirin. Abin da ke fitowa kuma ɗaci gare shi da wari, sai an yi da gaske yaro ke haɗiye shi. A watan Disamba na 1951 aka fara ba Sheila, tana da shekara biyu da 'yan watanni. Fenilalanin ya sauka a jininta, warin ya ɗauke. Cikin watanni idonta ya washe, gashinta ya ƙara duhu, ta daina buga kai, ta koyi rarrafe, ta miƙe tsaye, har tana hawa kujera.

Daga nan likitocin suka yi abin da har yau yake da nauyin faɗa. Suna tsoron kada a ce begen uwa ne ya sa take ganin sauƙi, sai suka riƙa zuba giram 5 na fenilalanin a cikin abincin kowace rana ba tare da sun gaya mata ba. Ba a yi kwanaki ba Mary ta dawo hankali tashe, ta ce 'yarta ta koma yadda take, tana kuka tana buga kai, ta manta abin da ta koya. Sai suka bayyana mata, suka nemi yardarta a maimaita a asibiti, aka ɗauki fim ɗin yarinyar kafin da bayan. Wannan fim da rahoton da suka buga a mujallar Lancet a 1953 su suka karya gardamar masu cewa ba a taɓa ciwon gado. Na san hujjarsu, na kuma san cewa ba don wannan gwaji ba da an ƙara shekaru ana musu yara suna lalacewa. Duk da haka ba na jin ya dace a wanke su tas. Matar da ta tilasta musu neman maganin ita suka ɓoye wa, a kan 'yarta, kuma yau babu hukumar asibitin da za ta amince da irin wannan.

Bickel da Hickmans da Gerrard sun samu lambar yabo ta John Scott a 1962. Sheila kuwa ba ta warke ba. Ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwarta cikin shekaru biyun farko ta riga ta zauna. Uwarta talaka ce, tana renon yara da yawa cikin matsin gida, ga zirga-zirgar asibiti, ga abincin da yarinya ke tofarwa. Bayan 'yan shekaru aka bar abincin, kuma Sheila ta yi sauran rayuwarta a gidan kula da masu naƙasa kusa da Birmingham har ta rasu a 1999. Anne Green, wadda ta shugabanci wannan ɗakin gwaji daga baya, ta rubuta tarihinta a littafin da ya fito a 2020.

Darasin da likitoci suka ɗauka daga Sheila da yaran da Woolf a Landan da Marvin Armstrong a Amurka suka yi wa magani bayanta shi ne na lokaci. Jaririn da ke da PKU lafiyayye ake haihuwar sa, domin a ciki hantar uwa ce ke tace masa jini. Ranar da ya fara shan nono ranar fenilalanin ke fara taruwa. Kafin uwa ta lura ɗanta bai zauna ba alhali tsaransa sun zauna, an yi asarar da ba ta dawowa. Bayanan da aka tara a Birtaniya daga baya sun nuna kowane mako huɗu na jinkiri yana cin kimanin maki huɗu na ma'aunin basira. Kamfanoni sun fara sayar da garin madarar da aka rage wa fenilalanin, irin su Lofenalac da ya fito a Amurka a 1958, amma wa za a ba? Yaro ɗaya ne cikin dubu goma ko fiye, kuma babu alamar da ke bambanta shi da sauran jarirai. An gwada ɗiga ferik kuloraid a jiƙaƙƙen nafkin, Willard Centerwall ya yaɗa wannan a California, ma'aikatan lafiya a Birtaniya ma suka bi gida gida suna yi. Amma sinadarin ba ya bayyana a fitsari sai bayan makonni, kuma yara da yawa sun zille wa gwajin.

Robert Guthrie likita ne kuma masanin ƙwayoyin cuta a Buffalo ta jihar New York, binciken sankara yake yi. Yana da ɗa mai naƙasar ƙwaƙwalwa, ba ta PKU ba, wannan ya sa shi cikin ƙungiyar iyayen irin waɗannan yara. A nan ya haɗu da Dokta Robert Warner, wanda ya koka masa a 1957 cewa kafin ya auna jinin yaran da ke kan abincin sai ya zuƙi jini mai yawa daga jijiya ya aika nesa. Ana cikin haka aka gano wata 'yar 'yar'uwar matarsa tana da PKU, tana da wata 15, lokaci ya ƙure. Dabarar da Guthrie ya fito da ita mai sauƙi ce har abin ya ba da mamaki. A shimfiɗa ƙwayoyin bakteriya da ake kira Bacillus subtilis a faranti, a haɗa da wani sinadari da ke hana su tsiro, wanda fenilalanin ne kaɗai ke karya ƙarfinsa. A soki dunduniyar jariri, a ɗiga jinin a kan takarda mai tsotse ruwa, a bar shi ya bushe, a huda ɗan ƙaramin da'ira a ɗora a farantin. Washegari duk inda jini ke da fenilalanin mai yawa za a ga bakteriya sun tsiro sun kewaye shi, faɗin kewayen kuma shi ke nuna yawan. Busasshen jini ba ya bukatar firiji, ana sa katin a ambulan a aika ta gidan waya, ma'aikaci ɗaya kuma ya duba ɗaruruwa a yini.

Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwada jarirai 400,000 a jihohi 29, aka samu 39 masu cutar. Guthrie da abokiyar aikinsa Ada Susi suka buga bayanin a 1963, shekarar da jihar Massachusetts ta wajabta gwajin ga kowane jariri. Zamanin ma ya taimaka: Shugaba Kennedy yana da 'yar'uwa mai naƙasar ƙwaƙwalwa, gidauniyar gidansu ta karrama Følling a 1962, ƙungiyoyin iyaye kuma suka matsa wa majalisun jihohi lamba har mafi yawansu suka kafa doka kafin shekarun 1960 su ƙare. Da kamfanin da aka ba lasisi ya sa dala 262 a kan kayan gwajin jarirai 500, abin da Guthrie ke haɗawa a kan dala 6, shi da kansa ya kai ƙara har gwamnati ta shiga tsakani. Ireland ta fara gwajin a faɗin ƙasa a 1966, Birtaniya ta bi a 1969. Guthrie da Bickel duk ranar 28 ga Yuni aka haife su, ɗaya a 1916 ɗaya a 1918, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara.

Gaggawar tana da nata farashin, kuma masu suka irin su Samuel Bessman ba su yi ƙarya ba da suka ce doka ta riga ilimi. Ba a san iyakar da ya kamata a sauke fenilalanin ba. An tsananta wa wasu jarirai har suka rame, fatarsu ta saɓule, girmansu ya tsaya, wasu suka mutu. An sa wasu a kan abincin alhali hauhawar jininsu kaɗan ce, ba ta bukatar magani. An kuma tarar da 'yan ƙalilan, ɗaya ko biyu cikin ɗari, da abincin bai hana su lalacewa ba, sai a shekarun 1970 aka gane ba enzayim ɗin ne ya samu matsala a jikinsu ba, wani mataimakinsa ne mai suna BH4. Sai da aka yi babban bincike na haɗin gwiwar asibitocin Amurka daga 1967, wanda Richard Koch na Los Angeles ya yi fice a cikinsa, kafin aka daidaita awo aka kuma tabbatar yaran da aka fara wa da wuri suna tashi da basira irin ta 'yan uwansu.

Kuskure na biyu ya fi daɗewa. An ɗauka ƙwaƙwalwa tana gama ginuwa wajen shekara shida, don haka asibitoci da yawa suka riƙa sallamar yara a wannan shekara, a ce su je su ci abin da kowa ke ci. Sannu a hankali karatun wasu ya ja baya, natsuwa ta ragu. Sa'annan 'yan matan farko da aka ceto suka girma suka yi aure. Tun 1957 Charles Dent a Landan ya ba da labarin wata uwa mai PKU da 'ya'yanta uku suka naƙasa alhali su ba su da cutar. A 1980 Roger Lenke da Harvey Levy suka tattara bayanan ɗaruruwan ciki, suka ga cewa inda jinin uwa ya hau sosai, kashi 92 cikin ɗari na 'ya'yan sun samu naƙasar ƙwaƙwalwa, kashi 73 an haife su da ƙaramin kai, kashi 12 da ciwon zuciya. Jinin uwar ne ke yi wa ɗan tayi illa. Aka shiga neman matan da aka sallama tun suna yara, waɗansu ma sun manta sunan ciwon, don a mayar da su kan abincin kafin su ɗauki ciki. A shekarar 2000 taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya tsayar da magana: abincin na har abada ne.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da "abincin", don kalmar tana sa a ɗauka ƙaramin abu ne. Mai PKU mai tsanani yakan iya ɗaukar abin da bai wuce miligiram 250 zuwa 350 na fenilalanin ba a yini, wato furotin giram biyar zuwa bakwai. Ƙwai ɗaya ya cinye wannan kaso. Babu nama, babu kifi, babu madara ko cuku, babu wake, babu gyaɗa. Burodi da taliya sai na musamman da aka yi da sitaci. Shinkafa da masara da dankali sai an ɗora a sikeli. Abin da ya rage shi ne yawancin 'ya'yan itace da kayan lambu, mai, suga, da masu sitaci irin rogo. Lemon kwalba da aka zaƙaƙa da aspatam ma haramun ne a gare shi, shi ya sa ake ganin gargaɗin fenilalanin a jikin gwangwani. Furotin ɗin da jiki ke bukata kuwa daga haɗin amino asid yake zuwa, jikan wancan na Birmingham, ana sha sau uku ko huɗu a yini, ɗanɗanonsa ya gyaru amma har yau ba mai shan sa don daɗi. Jariri yakan sha wannan haɗi sannan a ba shi nonon uwa gwargwado. Ana sokin yatsa a aika jini a kai a kai, mako mako a shekarar farko. Zazzaɓi kaɗai yana iya harba awon sama. Duk wannan a kicin ake yin sa, ba a asibiti ba, kuma galibi uwa ce ke riƙe da sikeli da littafin lissafi. Yaro ƙarami yana bin abin da aka ba shi. Saurayi ko budurwa da ke zaune cikin abokai ana cin abinci, labari ya sha bamban: wani bincike da aka buga a 2002 daga asibitocin Birtaniya da Ostareliya ya nuna cewa daga shekara 15 zuwa sama, kusan kashi 80 cikin ɗari na jinin da aka auna ya haura iyaka. Ban ga laifinsu ba, nauyin ne ya yi yawa.

An samu sauƙi ta wasu fuskoki. Savio Woo ya ware ƙwayar gadon a 1983, tana kan kuromosom na 12, yau kuma an san sauye-sauyenta fiye da dubu, abin da ya bayyana dalilin da ya sa wani ke ɗaukar abin da wani ba ya ɗauka. Likitocin Japan sun nuna a 1999 cewa BH4 yana farfaɗo da enzayim ɗin wasu, daga nan maganin Kuvan ya fito a 2007, sai dai masu cutar mai sauƙi ya fi yi wa aiki. A 2018 Amurka ta amince da allurar Palynziq ga manya, wadda ke narkar da fenilalanin a jini, ga tsada ga haɗarin jiki ya ƙi ta. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin kuma sun samo wani furotin a ruwan da ke tsiyaya idan ana yin cuku, wanda kusan ba shi da fenilalanin, ya kuma fi daɗin sha. Amma mafi yawan masu cutar har yau a kan sikeli suke.

Cutar ba ta rabu daidai a duniya ba. A Turai kusan jariri ɗaya ne cikin 10,000, a Ireland ɗaya cikin 4,500, a Turkiyya ma tana da yawa, inda auren zumunci ke ƙara haɗa masu ɗauke da ƙwayar. A Finland da Japan ba ta kai ɗaya cikin 100,000 ba, kuma tana da ƙaranci a tsakanin baƙar fatar Afirka. Don haka ba PKU ce babbar damuwarmu ba. Abin da ya iso gare mu daga wannan tarihi katin Guthrie ne. A kan irin wannan busasshen ɗigon jini ake gano sikila tun jariri bai fara ciwo ba, kamar yadda Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara a Kumasi a 1995, kuma Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, har yanzu ba ta kai ga gwada kowane jariri ba. Ranar da aka kai, za a zo kan tambayar waɗanne cututtuka za a ƙara a katin, kuma PKU tana cikin na farko da za a ambata. Wanda zai ce a ƙara ta, sai ya zo da amsar wanda zai riƙa sayen gwangwanin haɗin amino asid daga waje, wata bayan wata, tun daga makon farko na rayuwar yaron har tsufansa, da kuma ma'aikacin abinci da zai zauna da uwar ya lissafa mata fenilalanin ɗin da ke cikin tuwon masara da kunun gero. A Birtaniya hukumar lafiya ta ƙasa ce ke biya. A Amurka, inda aka ƙirƙiro gwajin, ya danganta da jihar da mutum yake da irin inshorarsa, kuma iyalai suna zuwa majalisar dokoki a Washington suna neman a wajabta biyan kuɗin wannan abinci har yanzu.